YARON DA ƘAFARSA TA SAKI BAYAN ALLURA: JIJIYA TANA SAKE TOHOWA?



Kwanan baya wata baiwar Allah ta kawo mini ɗanta ɗan shekara 5. An yi masa allurar zazzaɓi a ɗuwawu a wani kemis, tun daga ranar yake jan ƙafa, tafin ya saki. Wasu suka ce mata iska ce. Ba iska ba ce. Allurar ce ta taɓa babbar jijiyar da ta sauko daga ƙugu zuwa ƙafa.

Mu Hausawa komai jijiya muke ce masa. Wannan ba ta jini ba ce, ita ce mai kai saƙon motsi da ji, kamar wayar lantarki. Kuma kamar yadda waya take da roba, ita ma akwai ƙwayoyin halitta da suka naɗe ta, ana kiransu da sunan wani Bajamushe, Theodor Schwann. Idan jijiya ta tsinke, ɓangaren da ya rabu da tushe yakan ruɓe cikin 'yan kwanaki. Wani likitan Ingila, Augustus Waller, ya bayyana haka a 1850. To a nan abin mamakin yake. Waɗannan ƙwayoyin ba sa mutuwa. Su ne suke taya share ɓaraguzan, sannan su jeru kamar bututu, sabon tsiron jijiya ya bi ta ciki har ya isa tsokarsa. Laka da ƙwaƙwalwa ba su samu irin wannan gatan ba.

Amma fa tafiyar hawainiya ce: kusan milimita 1 a rana, wajen inci guda a wata. Ka lissafa, santimita 30 wata 10 ke nan. Saboda haka kar ka yi ta sauya mai magani duk sati don ba ka ga canji ba.

Sai dai tsoka ba ta jira har abada. Idan ta yi wata 12 zuwa 18 saƙo bai iso mata ba, ta ƙanƙance, ko jijiyar ta iso daga baya ba lalle ta farfaɗo ba. Idan matsewa kawai jijiyar ta yi, cikin makonni take dawowa. In an kai wata 3 babu motsi, a nemi likitan ƙashi ko na jijiya, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Yankan wuƙa ko kwalba da ya kashe yatsu kuwa, ɗinki yake so cikin kwanaki, ko da fatar ta haɗe.

A gida, kullum a riƙa lanƙwasa gaɓar ana miƙewa don kar ta sandare, a je gashin ƙashi. Man zaitun yana tausasa fata wajen tausa, ni ma ina bayarwa, amma gaskiya ba ya haɗa jijiyar da ta tsinke. Ban yarda da tsaga ko gashi da ruwan zafi a wurin da ba ya ji ba, yaro zai ƙone bai sani ba. A ba shi hanta, ƙwai, kifi da madara.

Ga alamar da nake sa iyaye su duba: a ɗan ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da yatsa. Idan ya ji zirr kamar lantarki, a sa alama da biro. Bayan wata guda a sake. In wurin ya matsa ƙasa, tsiron yana tafiya.