Nutso a Ruwan da Ido Ba Ya Gani

Kowace shekara, da zarar marka ta kankama, kududdufan da aka haƙa domin ɗiban ƙasar gini a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Kunchi suka cika suka batse, sai a riƙa jin Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano tana ba da labarin tsamo gawa. Abin da ya fi ba ni takaici cikin lamarin shi ne, a wasu lokuta gawa biyu ake fitarwa, ta yaron da ya nutse da ta saurayin da ya tuɓe riga ya faɗa ceto, ba igiya a ƙugunsa, ba wanda ke riƙe da shi a gaɓa.

Ruwan kududdufi ja ne, laka ta dama shi, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa in ya nutsa kamu ɗaya. Ƙasansa kuwa ba shimfiɗe yake ba, domin masu haƙa sun bar ramuka da gargada, ga ƙaya, ga fasassun kwalabe, ga taɓon da ke riƙe ƙafa. Wanda ya shiga irin wannan ruwa da zafin zuciya, kowane motsi nasa ƙara tayar da laka yake, har ya rikice ya rasa ina ne sama, alhali numfashinsa na ƙarewa.

Hatta ƙwararrun masu nutso na duniya, waɗanda ke goya tukunyar iska a baya, ba sa shiga ruwa mai duhu sai da igiya a jiki da abokin aiki a sama yana riƙe da ita, suna sadarwa da juna ta hanyar fizgarta, suna laluben ƙasa da hannu cikin natsuwa. To, in mai iskar shaƙa ya ga wajabcin haka, ina dalilin wanda bai mallaki komai ba sai huhunsa? Wannan ganganci ne, ko da an kira shi jarunta ko tawakkali, kuma malamai sun daɗe da bayyana cewa kiyaye rai na cikin manyan manufofin Shari'a.

Wanda ya tuna musibar madatsar Watari a Bagwai, a Nuwambar 2021, inda kwale-kwale ya kife aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, ya san ruwan ƙasarmu ba abin wasa ba ne.

In mutum ya nutse a gabanka, ka yi kururuwa, ka jefa masa igiyar guga, ko gora, ko jarka rufaffiya, ko ka miƙa doguwar sanda. In kuwa shiga ta zama tilas, a bar wa masunta da suka san ruwan, su ma ɗaure da igiya. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni su sa a ajiye igiya mai ƙarfi a gidan da ya fi kusa da kowane kududdufi, kowa ya san inda take, tun kafin ruwan bana ya sauka.