Wa Ke Duba Mai Jinya?

Idan muka shiga gidan da ake jinya, gaisuwarmu ta farko ita ce "yaya mai jiki?" Mu yi addu'a, mu ajiye ɗan abin da muka kawo, mu tafi. Wadda ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa kuwa, da wuya mu tambaye ta ko ta runtsa a daren jiya.

Yawanci mace ce: matar gida, ko 'ya, ko suruka. Mu ɗauki wadda ke jinyar tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye. Ma'aikatan lafiya sukan ce a riƙa juya shi kusan kowane awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito. Ga wanka, ga wankin zannuwa, ga ba da abinci a baki, wata da watanni. Gona ta tsaya, kasuwa ta tsaya, sujadar Lahadi ma ta gagara. Sai ciwon baya, da rashin barci, da saurin fushi. Ranar da ta daka wa tsohon tsawa, sai ta shige ɗaki tana kuka, tana ganin ta zama muguwa, alhali gajiya ce ta kai maƙura. Ba kuma za ta nemi taimako ba, don kada a ce ta gaji da mahaifinta.

A Fitowa sura 17, hannuwan Musa ma sun yi nauyi, sai da Haruna da Hur suka tallafe su har faɗuwar rana. Irin wannan tallafi ake nufi da hutar da mai jinya: wani ya karɓe ta na ɗan lokaci sananne, ta yi barci, ta je kasuwa, ko ta ga likita don kanta.

"In kina bukatar wani abu ki faɗa" ba ya kai ko'ina. Gara Zumuntar Mata ko dattawan ikkilisiya su rubuta suna da rana: Talata wance, daga ƙarfe 2 zuwa 6. Mai karɓa ya fara zuwa ya koyi lokutan magani da yadda ake ɗaga mara lafiyan. Maza su shiga, musamman wajen wanka da ɗaga namiji. 'Yan'uwan da ke birni kuma, kuɗin da suke aikowa na da amfani, amma kuɗi ba ya tashi tsakar dare ya juya Baba; su ware mako guda su zo su kwana.