A ƙasar Sin, a kan teburin abinci ake ƙulla ciniki

Fataken Maraɗi da Birnin Ƙonni masu zuwa sayo kaya a Guangzhou da Yiwu sun san wannan: ana cikin jayayya kan farashi, sai mai masana'anta ya ce a zo a ci abincin dare. Wasu ƴan'uwanmu kan ga ɓata lokaci ne, su ba da uzuri. Mu dai a ganinmu, nan ake tafka asara.

Sinawa na da kalmar "guanxi", wato zumuncin da ake ginawa da alheri da ramuwar alheri, da kuma "mianzi", wato mutuncin mutum a idon jama'a. A wurin liyafa ake gina su. A nan mai kaya ke auna baƙonsa, ya ga ko mutum ne da za a ba kaya bashi ko a sassauta masa farashi. Ƙin amsa gayyata ba tare da dalili ba kuwa zubar wa mai gida da mutunci ne.

Teburin mai da'ira ne, da faifai mai juyawa a tsakiya, kowa na ɗiba daga kwano guda. Kujerar da ke kallon ƙofa ta manya ce, don haka baƙo ya jira a nuna masa wurin zama. Kada a soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin yana kama da turaren da suke kunna wa matattu. A lardin Guangdong, in aka zuba maka shayi, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Wanda ya yi gayya shi ke biya, kai kuma ka rama wata rana.

Damuwar fatake Musulmi ita ce naman alade da giyar "baijiu", wadda ake ɗaga kofinta ana cewa "ganbei", wato a shanye. Maganin shi ne a faɗi gaskiya tun kafin a zauna. Ɗaga kofin shayi a madadin giya abu ne da al'adarsu ta sani, sai dai ka sa bakin kofinka ƙasa da na babba don girmamawa. Kana kuma iya neman a je gidan abinci mai shaidar "qingzhen", wato halal, irin na Musulmin ƙabilar Hui. Akwai su a unguwar Xiaobei ta Guangzhou, inda ƴan Afirka ke hada-hada.

Almubazzarancin liyafa ya daɗe yana damun hukumomin Sin. A watan Disamban 2012 Jam'iyyar Kwaminis ta kafa ƙa'idoji takwas da suka taƙaita shagulgulan jami'ai, a 2021 kuma aka yi dokar hana ɓarnar abinci. Saboda haka in kai ne mai gayya, yi odar abin da za a iya cinyewa.

Shawararmu ga mai shirin zuwa baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou tun 1957, sau biyu a shekara: ya ware daren liyafa cikin lissafin tafiyarsa, ya bar mai gida ya fara taɓo zancen kuɗi. Amma ya tuna daɗin miya ba ya maye gurbin takarda. Washegari a rubuta farashi da adadi da ranar loda kaya, a sa hannu.