Baƙo Ya Tambayi Doka Kafin Ya Kwance Kaya

Zuwa ga 'yan'uwa fatake da dillalai, musamman masu zuwa Gwanja da waɗanda suka zauna can. Yau mun ɗan ajiye maganar farashin gero da masara, domin akwai hasarar da ta fi faɗuwar farashi ciwo, watau mutum ya tara dukiya shekara ashirin a ƙasar wasu, takarda guda ta raba shi da ita.

Mu dai mun gāji ciniki a kan amana. Baƙo ya sauka wurin mai masauki, shi zai ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, ya ɗauki la'adarsa. In rigima ta taso a je gaban Sarkin Zango ko Liman a sasanta. Wannan tsari yana da kyau, amma iyakarsa tsakaninmu. Ranar da magana ta kai gaban hukuma, alƙalin can ba ya tambayar wa ya san ka a Zango. Abin da ke rubuce shi yake dubawa.

Dattawanmu sun ga haka da idonsu. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar Gana. Mahaifina ya sha ba mu labarin mutanen da aka haifa a Kumasi, ba su taɓa ganin Kano ba, suka sayar da gida da rumfa a kuɗin banza suka hau mota. A 1970 kuma aka yi dokar da ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan sana'o'i. Kada wani ya ce halin mutanen Gana ne, domin a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ita ma ta kori baƙi marasa takarda daga Najeriya, galibinsu mutanen Gana.

Wani zai ce, ai yanzu akwai ECOWAS. Gaskiya ne, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90. To, amma izinin shiga daban, izinin zama daban, izinin kasa kaya daban. Dokar zuba jari da Gana ta yi a 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayarwa a cikin kasuwa da talla da riƙe rumfa, kana ta ɗora wa baƙo mai son saye da sayarwa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan ƙasa 20 aiki. Da ita aka kafa hujja aka kulle shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara a 2019 da 2020. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, ƙasarsu ta fita daga ECOWAS ran 29 ga Janairu 2025, saboda haka su ne suka fi bukatar tambaya kafin kowace tafiya. Mu 'yan hatsi ma ba mu tsira ba: a Agustan 2024 Gana ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya saboda fari. Doka tana sauyawa kamar farashi, wanda ya riƙe labarin bara ya yi ciniki da tsohon kuɗi.

Abubuwa huɗu ne ya kamata baƙo ya kai wa lauya tun lafiya lau.

Na ɗaya, takardar zama. Wace iri ce a hannunka, yaushe za ta ƙare, kuma ta yarje maka ciniki ko kuwa zama kaɗai?

Na biyu, sunan da ke kan shago. Da yawa sukan rubuta sunan wani ɗan ƙasa don kauce wa doka. Na san wani abokin cinikina da ya yi haka shekaru, mutumin kuwa mai amana ne, bai taɓa cin masa kwabo ba. Da Allah ya yi masa rasuwa, sai magada suka zo da takarda suka ce shagon ubansu ne. A gaban kotu gaskiyarsu ce, tunda abokina ba shi da ko layi ɗaya da ke nuna nasa ne. Buhunan wakensa kaɗai ya samu ya kwashe.

Na uku, fili da gida. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili har abada, sai dai haya wadda ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda. Duk wanda ya ce ya sayar maka ɗungurungum, a duba takardar.

Na huɗu, gado. Gana tana da dokar 1985 a kan dukiyar wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, kuma kasafinta ba irin wanda muka karanta a zaure ba ne. Mai iyali a gida da kuma can, ya haɗa malaminsa da lauya su tsara masa wasiyya.

Na san abin da ke hana mu. Wasu suna ganin lauya sai mai laifi, wasu suna jin zafin kuɗinsa. To, ai kana biyan dillali la'ada don ya san kasuwar da ba ka sani ba. Lauya dillalin doka ne, kuɗin shawara kuwa bai kai kuɗin shari'a ba. Rubuta yarjejeniya kuma ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Sai dai a kula da abu biyu. Ba duk mai jaka a bakin ofis ne lauya ba. A nemi ganin lasisinsa, wanda a Gana ake sabuntawa kowace shekara, a yanke kuɗi tun farko, a karɓi rasit, kada kuma a dangwala yatsa a takardar da ba a fassara ba. Sa'an nan lauya ba ya tare gwamnati in ta ƙudurta. A 1957 Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan Zangon Kumasi, sun kai ƙarar korarsu kotu, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu aka fitar da su. Amma irin wannan kaɗan ne. Yawancin hasararmu daga takardar da ba mu karanta ba take.

Shawarata ga shugabannin kasuwa, kowace ƙungiya ta riƙe lauya guda ta hanyar karo-karo, ko da abin da bai kai kuɗin dako ba a kan kowane buhu, don baƙon da ya sauka yau ya sami wurin tambaya gobe. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, ya sa albarka a nema. Haza wassalam.