Ƙasashen Da Mai Ƙaramin Guzuri Zai Iya Ziyarta

 Maganarmu ta yau a kan tafiya ce, da tambayar nan da ake yawan yi a zaure da rumfar kasuwa: wace ƙasa ce mutum zai je ya buɗe ido, ya gai da malamai, ya ga yadda ake ciniki, ya komo gida ba tare da ya jinginar da gonar gado ba?

Turawa suna da al'adar rubuta jerin ƙasashe masu araha kowace shekara, su ce Biyetnam, su ce Nefal, su ce Bolibiya. Gaskiyarsu, gama abinci da masauki a waɗannan wurare ba su da tsada ga mai dala ko fam. To amma mai wannan lissafi fasfonsa yana buɗe masa ƙofofi da yawa ba sai da biza ba, kuɗinsa kuwa mai nauyi ne. Wanda ya tashi daga Kano ko Damagaram da naira ko sefa a aljihu, lissafinsa dabam ne. Kafin ya tambayi farashin tuwo a wata ƙasa, sai ya fara sanin abu huɗu: kuɗin shiga, watau biza, kuɗin hanya, yadda canji yake, da kuma ko yana da mai masauki a can. Ƙasar da ta yi sauƙi a waɗannan huɗu ita ce mai araha a gare mu, ko da sunanta bai fito cikin jerin Turawa ba.

Maganar Canji

Mu fara da canji, domin shi ne ya fi ruɗin matafiya. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Nijeriya ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kafin nan dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma cikin 2024 ta haura naira 1,500. Saboda haka duk wanda ya ba ka labarin abin da ya kashe a tafiyarsa ta 2022, ka saurare shi da ladabi, amma kada ka ɗaura guzuri bisa lissafinsa.

Sefa kuwa halinta dabam. An ɗaure ta da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 656 ba ta cika ba kaɗan, ba ta hawa ba ta sauka. Ƙasashe 8 ne na yammacin Afirka suke kashe ta: Nijar, Binin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kodebuwa da Gini Bisau. Mutumin Maraɗi in ya je Lome ko Dakar, kuɗin aljihunsa su zai kashe, babu ruwansa da ɗan canji. Wannan ba ƙaramar falala ba ce, gama duk hannun da kuɗi suka bi sai sun bar wani abu a ciki.

Tsohuwar Hanyar Gwanja

Ƙasashen da suka fi sauƙi gare mu su ne waɗanda kakanninmu fatake suka bi da jakuna neman goro, watau Binin da Togo da Gana. Tun 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka ƙulla yarjejeniya cewa ɗan kowace ƙasa daga cikinsu zai shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, amma a lokacin fitar ƙungiyar ta ba da sanarwar a ci gaba da karɓar fasfon mutanensu, a bar su su yi zirga-zirga kamar dā har sai an sake shawara. Kuɗin shiga ke nan ya faɗi. Kuɗin hanya kuma na mota ne, ba na jirgin sama ba. Wanda ya tashi daga Ikko ya bi gaɓar teku zai ƙetare iyaka uku, ta Seme, da ta tsakanin Binin da Togo, da ta Aflawo, sa'an nan ya shiga Ankara ta Gana.

Abin gani kuwa ba ya ƙarewa. A Fotonobo akwai babban masallacin da zuriyar bayin da suka komo daga Birazil suka gina bisa fasalin gine-ginen can, wanda ya hango shi daga nesa sai ya zaci majami'a ce. A Lome akwai babbar kasuwar atamfa, inda mata attajirai suka yi suna har ake yi musu laƙabi da motocinsu na Marsandi. A Kumasi akwai kasuwar Kejetiya, ɗaya daga cikin mafi girma a yammacin Afirka. Almajiri kuma ya nufi Salaga, tsohuwar kasuwar goro wadda yaƙin basasa na 1892 ya watsa, da Kete Karaci inda Alhaji Umaru, mutumin Kano mai yawan wallafa da Larabci da Hausa, ya yi limanci har ya rasu a 1934.

Babban abin da ya sa waɗannan ƙasashe suka yi araha shi ne zango. Da wuya ka sami babban gari a wannan hanya wanda ba shi da unguwar Hausawa, da sarkinta da limaminta. A Nima ta Ankara ko zangon Kumasi za ka yi ciniki da Hausa, ka ci tuwo, ka sha koko da ƙosai, ka ci shinkafa da wake da suke kira waace, ba ka da shakkar yanka. Sai dai a lura, kuɗin Gana, watau sidi, ya faɗi ƙwarai a 2022, ya kuma farfaɗo ƙwarai a 2025. Mai naira ya tambayi 'yan canji tun yana gida.

Senegal

Senegal ma tana cikin ECOWAS, babu biza, kuma sefa ake kashewa. Masu ziyara sun san Kaulaha, inda Shehu Ibrahim Inyas, wanda ya rasu a 1975, ya kafa Madina Baye, da kuma Tuba mai babban masallacin da aka buɗe a 1963. Dakar tana da tsada, musamman wajen kwana, amma da zarar ka fita cikinta abubuwa sun yi sauƙi. Akwai motocin haya masu ɗaukar mutum bakwai tsakanin garuruwa, ga shinkafa da kifi a kowane gida, mutanen kuwa suna alfahari da karɓar baƙo.

Matsalarta ita ce hanya. Ta ƙasa hanya mafi kusa tana ratsa Burkina Faso da Mali, inda aka yi shekaru ana fama da 'yan bindiga, har a 2025 suka riƙa tare motocin mai a kan hanyoyin da suke shiga Bamako. Saura jirgin sama, shi kuwa tsakanin ƙasashenmu na Afirka tsada gare shi saboda yawan haraji da ƙarancin jirage. Wanda ya yi niyya ya sayi tikiti da wuri, ya kuma sani lokacin Maulidi jama'a suna cika Kaulaha maƙil, kowane abin hawa sai ya ƙara kuɗi.

Masar

Daga cikin ƙasashen da sai da biza, Masar ce ta fi dacewa da malami mai ƙaramin ƙarfi. Jirgi yana tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. A watan Maris na 2024 su ma suka saki kuɗinsu, dala ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 zuwa wajen 50, abin da ya zama nauyi ga mutanen ƙasa, sauƙi ga baƙo mai dala. Abincin talakawansu, gurasa da dafaffen wake da ƙosansu da suke kira ɗa'amiyya, da kushari, watau haɗin shinkafa da taliya da adas, yana cika ciki da kuɗi kaɗan. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, zai kai ka sassa da yawa na birnin.

Abin da malami zai je nema kuwa mafi yawansa kyauta ne. Masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970, ba a biyan ko kwabo a ƙofarsa. Ga hubbaren Imamu Shafi'i, ga kabarin Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, shi ne kuwa ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Bayan Azhar akwai lungunan masu sayar da littattafai, kuma kowace shekara wajen ƙarshen Janairu ana cin babbar kasuwar littattafai wadda aka fara tun 1969. Mai sayen littattafai don sayarwa yana iya fid da kuɗin jirginsa daga nan, in ya yi lissafin kuɗin dako tun da fari. Inda kuɗi suke zurarewa shi ne wuraren da Turawa suke tururuwa, kamar dalar Fir'auna da gidajen tarihi, gama farashin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba.

Samarƙandi da Buhara

Ga misalin ƙasar da cikinta araha ne amma ƙofarta tsada, ita ce Uzbekistan. A can ne kabarin Imamu Buhari yake, a wani ƙauye kusa da Samarƙandi inda ya rasu a 870, na Imamu Tirmizi kuma yana kudancin ƙasar. Abinci da masauki ba su da tsada, jirgin ƙasa mai sauri da aka fara a 2011 yana kai mutum daga Tashkan zuwa Samarƙandi cikin awa biyu da 'yan mintoci. Amma babu jirgi kai tsaye daga ƙasashenmu, sai an yada zango a Istanbul ko Dubai, ga biza ga ɗan Nijeriya, ga sanyin hunturu mai daskarar da ruwa wanda sai an sayi tufafinsa. Abin da za ka rage a wajen abinci na wata guda bai kai rabin tikitin ba. Irin wannan tafiya ta wanda ya tara ce, ko wanda zai daɗe.

Nasiha

Akwai wuraren da araharsu ba ta da amfani. Sudan, wadda alhazan dā suke ratsawa da ƙafa, yaƙi ya ɓarke a cikinta a watan Afrilu na 2023, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu. Duk inda aka ce babu lafiya a hanya, a haƙura, rai ya fi dukiya.

Wanda zai fita ya tanadi fasfo mai sauran kwana da katin allurar shawara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen ransa, to a adana katin kamar takardar gida, domin wanda takardunsa ba su cika ba shi ake tatsa a kan iyaka. Kuɗin komowa a ware su dabam, kada a taɓa su ko da an ga haja mai kyau. A guji dillalin da zai ce a ba shi kuɗi ya kawo biza ta bayan gida, a je ofishin jakadanci da kai.

Game da masauki kuma, ka nemi wasiƙa daga malaminka ko maigidanka zuwa ga wanda ya sani a can, ka riƙe 'yar tsaraba, ko kilishi ko turare. Malamai sun sani haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce. In zamanka zai yi tsawo, ka sa hannu cikin cefane ko ka nemi ɗakin haya, don wanda zai zo bayanka ya sami ƙofa a buɗe. Zangon nan da muke alfahari da shi mutanen dā ne suka gina shi da amana, baƙon da ya ci bashi ya gudu kuwa ya rufe wa mutum goma hanya.

Saboda haka mai ƙaramin guzuri ya fara da inda mota take kaiwa kuma ake jin harshensa, in ya ga yadda tafiya take, sa'an nan ya ɗaga ido zuwa Masar da abin da ke bayanta. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya sa a tarar da iyali cikin alheri. Wassalamu.