Shin Ko Kun San? Dandalin da Aka Taɓa Garƙame wa Kwaɗo

Shin ko kun san cewa a watan Fabrairun 1927 'yan sandan birnin New York na Amurka sun kai samame gidajen wasan kwaikwayo uku a dare ɗaya, suka yi awon gaba da 'yan wasa? Ɗaya daga cikin wasannin, mai suna The Captive, labarin wata mace ne da zuciyarta ta karkata ga 'yar uwarta mace. Kafin shekarar ta fita jihar ta kafa doka: duk gidan da ya nuna wasan da ya taɓo masu neman jinsi ɗaya, ana iya garƙame shi da kwaɗo har shekara guda. Sai da dokar ta shekara 40 kafin a soke ta. A Ingila kuwa, tun 1737 ba a hawa dandali da sabon wasa sai wani babban jami'in fadar sarauta ya sa hannu, kuma ba a karɓe wannan iko daga hannunsa ba sai 1968.

To, da manyan gidaje suka rufe ƙofa, ina aka nufa? Shagon mai shayi. A 1958 wani tsohon ɗan rawa mai suna Joe Cino ya buɗe ɗan shagon gahawa, Caffe Cino, a layin Cornelia da ke unguwar Greenwich Village. Dandalin wasan bai fi ƙafa takwas a tsawo da faɗi ba, kwatankwacin tabarma biyu a jere. Mai kallo na iya miƙa hannu ya taɓa ɗan wasa. Ba albashi. In an tashi, sai a zaga da hula, abin da ya samu a raba. Wutar da ake haska dandalin ma ta sata ce, abokin zaman Cino ne ya jawo ta daga layin gari. A wannan ƙuƙumin wuri Lanford Wilson ya nuna The Madness of Lady Bright a 1964, labarin wani ɗan daudu da tsufa ya cim masa shi kaɗai a ɗaki. Cino ya rasu a 1967, shagon ya bi bayansa a 1968. A 2019 hukumar birnin ta sa ginin cikin wuraren tarihi da ba a rushewa.

Shin ko kun san akwai gidan wasan da ba shi da shugaba? WOW Café, wanda mata irin su Peggy Shaw da Lois Weaver suka assasa a New York a 1980, kamar aikin gayya yake tafiya. Ki share wa wata dandali, ki riƙe mata fitila, ki tsaya mata a ƙofa karɓar kuɗi, in naki wasan ya zo a yi miki haka. Har yau da wannan tsari yake numfashi, kuma da yawa cikin masu riƙe da shi yanzu ba a haife su ba lokacin da aka fara.

Sai kuma annoba ta shigo. A 1985 Larry Kramer ya fito da The Normal Heart a gidan Public Theater, daidai lokacin da cutar ƙanjamau ke ɗibar abokansa ɗaya bayan ɗaya, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. A jikin bangon zauren aka rubuta sunayen mamata da adadin waɗanda suka kamu. In sabon adadi ya fito, a soke tsohon da layi a rubuta sabo a kusa da shi. Wanda ya zo kallo a wannan wata, in ya dawo bayan wata biyu, bango kaɗai ya ishe shi labari. Da aka dawo da wasan a 2011, dattijo Kramer da kansa ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa yana miƙa wa masu fitowa takarda, yana tuna musu cewa abin da suka gani ya faru da gaske, kuma cutar ba ta tafi ba.

Charles Ludlam, gwanin barkwanci, yana cikin waɗanda ta ɗauka a 1987, yana da shekara 44. Abokin zamansa Everett Quinton ya riƙe ƙungiyarsu shekara goma bayansa. Wasansu The Mystery of Irma Vep mutum biyu kacal ke yin sa, su fito a matsayin mutum takwas, maza da mata, ana canja kaya a bayan labule kafin ƙiftawar ido.

Matasan da suka taso bayan haka sun tarar da giɓi, domin yayyen da za su ba su labari da yawa suna kushewa. Wannan giɓi shi ne jigon The Inheritance na Matthew López, wanda aka buɗe a Landan a 2018. Wasa ne na fiye da awa shida, a kashi biyu (mai ciwon baya dai sai ya yi shiri). A ƙarshen kashi na farko wani saurayi ya isa wani gida a ƙauye inda aka yi jinyar masu cutar, sai mamatan suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, kowa na miƙa masa hannu yana faɗin sunansa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne The Boys in the Band na Mart Crowley. An buɗe shi a Afrilun 1968, fiye da shekara guda kafin boren Stonewall na masu neman jinsi ɗaya a New York, aka nuna shi sau 1,001. Daga baya wasu masu fafutika suka juya masa baya, wai ya nuna su a matsayin mutanen da ke ƙyamar kansu. Cikin 'yan wasa tara na farko, biyar ƙanjamau ce ajalinsu, haka ma daraktan. A 2018, bayan shekara 50 cif, aka kai wasan manyan gidajen Broadway da sababbin 'yan wasa tara, irin su Jim Parsons da Zachary Quinto, waɗanda babu mai ɓoye ko shi wane ne a cikinsu. Da wasan ya ci kyautar Tony a 2019, Crowley, yana ɗan shekara 83, ya hau ya sadaukar da ita ga taran farko, waɗanda aka gargaɗe su cewa in suka fito a wasan sana'arsu ta ƙare, suka ƙi ji. Ya rasu a watan Maris na 2020.