Croke Park: Filin da 'yan kallon ƙwallon jami'o'in Amurka ke ziyarta kafin wasa a Dublin

A ƙarshen watan Agusta, birnin Dublin na ƙasar Ireland kan cika da baƙi daga Amurka, kowa sanye da rigar jami'arsa. Sun ƙetaro teku ne domin kallon wasan buɗe kakar ƙwallon jami'o'i, wato ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita. A shekarar 2023, da Notre Dame ta lallasa makarantar sojojin ruwa ta Navy da ci 42 da 3, kusan Amurkawa 40,000 ne suka sauka a birnin. A filin Aviva da ke kudancin kogin Liffey ake buga wasan, amma kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, da yawa daga cikin baƙin kan haye arewacin kogin, su bi ta titin Jones's Road, su yanki tikitin zagaya wani fili dabam: Croke Park.

Girman filin ba zai ba su mamaki ba. Yana ɗaukar mutum 82,300, ya fi babban filin wasa na Abuja da kujeru sama da 20,000, amma wanda ya saba da filin jami'ar Michigan mai ɗaukar fiye da 107,000 ba zai riƙe baki ba. Abin da ke sa su tsayawa su sake tambayar jagoran zagayen shi ne batun mamallaki. Filin ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani attajiri ba. Mallakar ƙungiyar GAA ce, wadda aka kafa a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884 domin raya wasannin gargajiyar Ireland, musamman ƙwallon Gaelic da kuma hurling, wanda ake bugawa da sanda mai faɗin baki. Har yau 'yan wasan ƙungiyar ba su karɓar albashi. Wanda ya ɗaga kofi gaban mutum 82,000 ranar Lahadi zai iya zama malamin firamare, ko ɗan sanda, ko manomi, kuma cikin makon zai koma bakin aikinsa.

Ga ɗalibin jami'ar Amurka wannan abin dubawa ne. Tun 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'o'i karɓar kuɗin talla da sunansu, kuma daga 2025 jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kimanin Dala miliyan 20 a shekara. Waɗanda ake kira ɗalibai sun zama masu albashi, alhali magidantan da ke cika Croke Park da jama'a suna bugawa ne don sunan gundumarsu kawai.

Zagayen kan fara ne daga gidan adana kayan tarihi da ke ƙarƙashin rumfar Cusack, inda aka ajiye kofunan asali na Sam Maguire da Liam MacCarthy. Daga nan sai ɗakunan sauya kaya, inda aka rataye rigunan gundumomi a jere, sai zauren hutawar 'yan wasa mai wata fitilar ƙarau da aka ƙera da siffar ƙwallaye: manya 32, adadin gundumomin tsibirin, da ƙanana 70, adadin mintunan wasa. Lissafin 32 ɗin ba na ado ba ne. Shida daga cikin gundumomin suna Ireland ta Arewa, ƙarƙashin Birtaniya, amma ƙungiyar ba ta taɓa raba gasarta bisa wannan iyaka ba.

Bayan haka sai a bi ta lungun da 'yan wasa ke fitowa zuwa bakin ciyawa. Tsawon filin mita 145 ne, faɗinsa 88. Filin ƙwallon Amurka kuwa bai wuce mita 110 a tsaye da 49 a kwance ba, don haka idan aka shata shi a tsakiya sai ya zama kamar darduma a tsakar gida.

A gaban rumfar Hogan ne jagora kan rage murya. Ranar Lahadi 21 ga Nuwamba 1920, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin kai, mutanen Michael Collins suka bi gida-gida da sassafe suka harbe mutum 14, mafi yawansu jami'an sojan Birtaniya da ake zargi da leƙen asiri. Da yammacin ranar Dublin na karawa da Tipperary a wannan fili. Ba a jima da take wasa ba sai motocin 'yan sandan mulkin Birtaniya, ciki har da rundunar da ake kira Black and Tans, suka iso, suka buɗe wuta kan 'yan kallo. Harbin bai wuce daƙiƙa 90 ba, amma ya ci rayuka 14. Cikinsu akwai yara uku 'yan makaranta masu shekara 10 da 11 da 14, da Jane Boyle wadda saura kwana biyar a ɗaura mata aure, da ɗan wasan Tipperary, Michael Hogan, mai shekara 24, wanda aka harbe a kan ciyawar da baƙin ke tsaye a bakinta. Sunansa aka sa wa rumfar, kuma a matakalarta ake miƙa kofi duk shekara.

Ƙungiyar ma ba ta tsira daga zargin sakaci da wannan tarihi ba. Sunan Hogan ya ɗaukaka, amma wasu daga cikin 'yan kallon da aka kashe sun shafe kusan shekara ɗari cikin kaburburan da ba su da ko alama a maƙabartar Glasnevin. Sai daga 2015 aka soma bin su ɗaya bayan ɗaya ana kafa musu duwatsu.

Daga gefen arewa akwai Hill 16, ɓangaren da ba shi da rufi, inda magoya bayan Dublin ke kallo a tsaye. An daɗe ana cewa da ɓaraguzan gine-ginen da aka rusa a tawayen 1916 aka tara tudun. Masana tarihi sun nuna cewa tun 1915 tudun yake, kuma sunansa na farko Hill 60, sunan wani tudu a Gallipoli inda 'yan Ireland suka yi yaƙi cikin kakin sojan Birtaniya. Daga baya ne aka sauya lambar, labarin ɓaraguzai ya biyo baya.

Wannan ƙiyayya da duk wani abu mai ƙamshin Ingila ta daɗe tana jan ragamar ƙungiyar. Har zuwa 1971 akwai dokar da ta hana ɗan ƙungiya buga ƙwallon ƙafa, ko zari-ruga, ko kurket, kai ko zuwa kallonsu. A 1938 an cire shugaban ƙasa, Douglas Hyde, daga matsayin uban ƙungiya saboda ya halarci wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Ireland da Poland. Wata dokar kuma, mai lamba 42, ta rufe ƙofar filayen ƙungiyar ga waɗannan wasanni. Amma ƙwallon Amurka ta samu shiga ba tare da gardama ba, domin ba a ganinta a matsayin kishiya mai janye yaran ƙauyuka, ba ta kuma zo da tutar Ingila ba. Shi ya sa a Nuwamban 1996 Notre Dame ta doke Navy da ci 54 da 27 a Croke Park, a lokacin da tawagar ƙwallon ƙafa ta ƙasar kanta ba ta da izinin taka ciyawar.

Sai a 2005, da za a rushe tsohon filin Lansdowne Road a gina Aviva a gurbinsa, babban taron ƙungiyar ya sassauta dokar da ƙuri'a 227 da 97. Ranar 24 ga Fabrairu 2007 tawagar zari-ruga ta Ingila ta shigo filin, aka rera taken Birtaniya a gaban rumfar Hogan. An yi ta fargabar abin da zai biyo baya. Jama'a suka yi tsit har aka kammala, sannan Ireland ta ci 43 da 13. Bayan shekara huɗu Sarauniya Elizabeth da kanta ta zo filin.

Buɗe ƙofar yana da nasaba da aljihu. Sake gina filin, wanda aka fara a farkon shekarun 1990 aka kammala a 2005, ya ci kimanin Yuro miliyan 260, kuma kaso ne kawai gwamnati ta bayar. Fili mai wannan girma yana cin kuɗi ko ana wasa ko ba a yi, don haka ƙungiyar take haya da shi ga mawaƙa da masu taro, take sayar da tikitin zagaye kusan kullum, ta kuma mayar da mafi yawan ribar ga raya wasanninta. Hujjar tana da ƙarfi, amma an taɓa ganin inda ta ciji masu gida.

Ranar 30 ga Agusta 2014 aka shirya Penn State za ta kara da jami'ar Central Florida a Croke Park. Mako guda kafin nan, Kerry da Mayo suka tashi kunnen doki a wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon Gaelic, dole a sake bugawa, ga shi an riga an ba Amurkawa filin. Sai aka tura wasan zuwa Limerick, wanda ke maƙwabtaka da Kerry. Mutanen Mayo suka yi ƙorafi sosai, ba a saurare su ba, suka je can aka fitar da su bayan ƙarin lokaci. A ranar kuma mutum 53,304 suka kalli Penn State ta ci 26 da 24 da bugun ƙarshe. Ƙungiyar da aka kafa don kare wasannin gida ta fitar da wasan gida domin baƙo, kuma da wuya a ce mutanen Mayo ba su da gaskiya. Tun daga nan wasannin jami'o'in a Aviva ake yin su. Tun 2022 kuma a watan Yuli ake kammala gasar gundumomi, don haka baƙin Agusta kan tarar da filin babu wasan gasa.

Akwai wasu ranaku da jagorori ke son ambata. Muhammad Ali ya dambata da Al Lewis a nan a Yulin 1972. Nelson Mandela ya halarci buɗe gasar Special Olympics a 2003. Ranar 31 ga Yuli 2020, lokacin annobar korona, Musulmi kimanin 200 suka shimfiɗa dardumansu nesa da juna a kan ciyawar suka yi sallar Idin layya, manyan limaman Kirista biyu na Dublin da wani malamin Yahudawa suna cikin mahalarta taron. A Satumban 2025 kuma ƙwararrun gasar NFL suka zo, Pittsburgh Steelers ta doke Minnesota Vikings da ci 24 da 21.

Masu ƙarfin zuciya kan ƙara kuɗi su hau rufin filin, inda aka yi hanyar tafiya mai tsayin mita 44 daga ƙasa. Daga can ana hango tashar jiragen ruwa, da duwatsun kudancin Dublin, da jerin ƙananan gidajen jan bulo da suka matse filin ta kowane gefe, waɗanda mazaunansu suka sha kai ƙara kan hayaniyar bukukuwan waƙa. Idan gari ya yi haske, can ƙetaren kogi ana iya ganin ƙyallin rufin Aviva, inda ma'aikata ke ƙarasa shata layukan yadi-yadi na wasan Asabar.